Tallafin da ba a sayen bulo da shi: mu nema ko mu bari?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje masu sauƙin haya a nan Amurka. Ina cikin kwamitin amintattu na wata ƙaramar ƙungiya mara neman riba. Aikinmu sayen tsofaffin gidaje, mu gyara, mu ba iyalai masu ƙaramin ƙarfi haya. Ma'aikatanmu masu albashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Yanzu an buɗe neman wani tallafi, sai dai sharaɗinsa ba za a sa ko sisi a gini ba. Albashin ma'aikaci, horo, gyara tsarin ajiye lissafi, biyan ƙwararre ya duba ko wani fili zai ginu, iyakarsa ke nan. Kwamitinmu ya rabu biyu. Wasu na ganin ɓata lokaci ne cike takardun kuɗin da ba zai ƙara ko ɗaki ɗaya ba, alhali mutane na kan layi suna jiran wurin zama. Zuciyata ta fi karkata ga mu nema, amma ina son hujjar da zan tsaya a kai ranar zama.

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki yi haƙuri, ni ina tare da waɗanda suka ce a bari. Na daɗe ina ganin irin wannan kuɗi. A kira taron bita a otal, a ɗauko wani ƙwararre ya rubuta rahoto mai kauri, a sayi sabuwar manhaja, shekara ta zagayo, gidaje suna nan yadda suke. Uwar da ke kwana a mota da 'ya'yanta ba ruwanta da ƙarfin ƙungiya, rufi take nema. Duk dalar da aka ware da sunan gidaje, a ganina rufi ya kamata ta zama.

Injiniya Bashir:
Malam, Allah ya ƙara girma. Damuwarka gaskiya ce, zan kuma dawo kanta. Amma bari in faɗi yadda gini irin wannan yake tashi, don a ga inda kuɗin Hajiya zai shiga.

Babbar hanyar da ake gina gidajen haya masu araha a Amurka ita ce rangwamen harajin da aka kafa a dokar haraji ta 1986. Gwamnatin tarayya na ba kowace jiha kasonta, hukumar gidaje ta jihar kuma ta raba ta hanyar gasa. Wanda ya ci sai ya sayar da rangwamen ga masu zuba jari, galibi bankuna, su ba shi tsabar kuɗi ya yi gini, su kuma su riƙa rage harajinsu har shekara 10. A madadin haka, dole hayar ta tsaya a ƙasa. Mafi yawa ana ware ɗakunan ga masu samun kashi 60 cikin 100 na matsakaicin kuɗin shigar yankin ko ƙasa da haka, hayar kuma ba ta wuce kashi 30 cikin 100 na wannan adadi.

To kafin ka shiga gasar me za ka ajiye a gaban hukuma? Shaidar cewa filin yana hannunka ko kana da yarjejeniyar saye. Aikin safiyo. Binciken muhalli, ko an taɓa zubar da guba a wurin. Zanen farko daga mai zanen gini. Nazarin kasuwa da zai nuna akwai masu buƙata a unguwar. Izinin hukumar birni cewa irin wannan gini ya halatta a wurin. Lauya. Lissafin da ya nuna hayar za ta riƙe ginin shekaru masu yawa. Kowanne kuɗi ne, kuma ana kashe shi tun ba a san ko za a ci gasar ba. Idan aka faɗi, a jira zagaye na gaba. Abu ne da aka saba gani a ɗauki shekara biyu, uku, har fiye, kafin a haƙa tushe.

Duk tsawon wannan lokaci akwai mutum ɗaya da ke riƙe da zaren, shi ne manajan aiki. Shi ke bin lauya da banki da hukuma, shi ya san ranar da kowace takarda za ta mutu. Wa ke biyansa? Ladan da ƙungiya ke samu na jagorantar gini ba ya zuwa sai an sa hannu kan kuɗin aikin, wani kaso sai an gama gini, wani sai 'yan haya sun cika ɗakuna. Sau da yawa ma ana tilasta wa ƙungiya ta jinkirta karɓar wani ɓangare don a toshe giɓin kasafi. Babban kamfani yana biyan manajan aikinsa da ladan ginin da ya gama bara. Ƙungiyar Hajiya ba ta da ginin bara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, Malam. Wannan tallafi shi ne ruwan cikin.

Malam Sabo:
Na ji, Injiniya. To idan manyan kamfanoni sun riga sun iya, suna da ma'aikata da lauyoyi, me ya sa ba za a bar musu ba? Gida gida ne, ko wa ya gina.

Dakta Yakubu:
Malam, a ranar buɗe gini ne kawai gida yake zama gida ko wa ya gina. Bambancin yana fitowa daga baya. Sharaɗin riƙe haya a ƙasa na rangwamen haraji shekara 15 ne na farko, sannan ƙarin wasu 15 a ayyukan da aka yi tun daga 1990. Idan wa'adi ya cika, mai neman riba yana da cikakken dalilin ɗaga haya zuwa farashin kasuwa, musamman idan unguwar ta yi daraja. Ƙungiyar da aka kafa domin wannan aiki ba ta da masu hannun jari da za ta raba wa riba, don haka ta fi yiwuwa ta riƙe hayar a ƙasa. Majalisa ta san da wannan, shi ya sa doka ta ce kowace jiha ta ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na rangwamenta ga ayyukan da ƙungiyoyi marasa neman riba ke ciki da gaske.

Abu na biyu, akwai ayyukan da babban kamfani ba zai kalla ba. Gidaje ƙalilan a ƙauye, ko tsofaffin gidaje warwatse a unguwar da aka yi watsi da ita. Wahalar takardunsu kusan ɗaya da ta babban bene, ladansu kuwa kaɗan.

Kuma wannan tunani ba sabo ba ne. Tun 1967 aka kafa ƙungiyar raya unguwar Bedford-Stuyvesant a Brooklyn da goyon bayan Sanata Robert Kennedy da Sanata Jacob Javits. Da irin waɗannan ƙungiyoyi suka yawaita, aka lura zuciya suna da ita, amma ba su da kuɗin share fage ko ƙwarewar lissafi. Gidauniyar Ford ta jagoranci kafa LISC, ƙungiyar da ke ba irin waɗannan ƙungiyoyi rance da tallafi, a 1979 saboda wannan giɓi. James Rouse da matarsa Patty suka kafa Enterprise, mai irin wannan aiki, a 1982. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Burlington a jihar Vermont. A 1984, lokacin Bernie Sanders yana magajin gari, birnin ya ba wata sabuwar ƙungiyar riƙon filaye dala 200,000 don ta tsaya da ƙafarta. Ita ce ta haɗe da wata a 2006 ta zama Champlain Housing Trust, wadda yau ke kula da dubban gidaje. Ba na cewa duk wanda aka ba zai zama haka. Ina cewa ne da wuya a nuna ƙungiyar da ta kai nan ba tare da wani ya ɗauki nauyin shekarunta na farko ba.

Anti Ladi:
Hajiya, kafin a yi nisa, daga ina kuɗin ya fito? Amsar ta danganta da wannan.

Hajiya Rabi:
Na gwamnatin tarayya ne Anti, amma ta hannun wata babbar ƙungiya za mu karɓa. Takardar ta ambaci Sashe na 4.

Anti Ladi:
Yawwa, haka na zata. To ki saurara, don aikina ne riƙe littattafan kuɗi na irin ƙungiyarku.

Sashe na 4 ya samo suna ne daga wata doka ta 1993. Ma'aikatar gidaje da raya birane, wato HUD, ba ta ba ƙananan ƙungiyoyi kai tsaye. Tana ba manya uku ne, Enterprise da LISC da ƙungiyar gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje ta Habitat for Humanity, su kuma su rarraba. Kuɗin duka ƙasar bai kai dala miliyan 50 a shekara ba, saboda haka abin da zai iso gare ku dubun-dubatar daloli ne, kada kwamiti ya sa rai da abin da ya fi haka. Doka ta ce kowace dala ɗaya sai an samo mata uku daga hannun masu zaman kansu. Nauyin yana kan babbar ƙungiyar, amma sukan nemi ku nuna naku kason. Ki tambaya tun yanzu me suke karɓa a matsayin shaida.

Babban abin da ke kama mutane shi ne ba a ba ku kuɗin a hannu. Ku za ku fara kashewa, ku aika rasit da takardar albashi, sannan a maido muku. Idan asusunku ba zai iya ɗaukar albashin sabon ma'aikaci na wasu watanni kafin kuɗin ya dawo ba, tallafin zai iya jefa ku cikin matsi maimakon ya fitar da ku. Na ga ƙungiyar da shugabarta ta riƙa jinkirta nata albashin don ta biya na ma'aikacin da tallafi ya ɗauka. Wannan ba ƙarfafawa ba ne.

Sannan duk wanda za a biya daga kuɗin tarayya sai ya riƙa rubuta awannin da ya yi wa wannan aiki, daban da na sauran ayyuka. Idan ba ku saba ba, ku fara tun kafin a amsa muku. Labari mai daɗi guda: tun Oktoban 2024, ƙungiyar da ba ta da wata yarjejeniya ta musamman da gwamnati kan kuɗin gudanarwa tana iya cire har kashi 15 cikin 100 a matsayin kuɗin gudanarwa, da can kashi 10 ne. Kada ku ji kunyar sa shi a kasafi. Wuta da intanet da inshora da hayar ofis ba sa biyan kansu. Babban binciken odita na kuɗin tarayya kuwa sai kun kashe dala miliyan 1 na kuɗin tarayya a shekara yake hawa kanku, saboda haka wannan tallafi shi kaɗai ba zai jawo shi ba.

Nura:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki, don ni ne irin ma'aikacin da ake magana. Da irin wannan tallafi aka ɗauke ni aiki a wata ƙungiya. Aka tura ni horo na NeighborWorks, ƙungiyar da ke horar da ma'aikatan wannan fanni, na koyi lissafin gini, na koyi yadda ake haɗa takardun gasa, kuma wallahi horon ya yi amfani. Tallafin na shekara ɗaya ne. Da ya ƙare, aikin da muke shiryawa bai kai ga sa hannu ba, babu kuɗin ci gaba da biyana. Wani kamfani mai neman riba ya ɗauke ni da albashin da ƙungiyar ba za ta iya ba. Har yau abin yana damuna, don filin da muka sha wahala a kansa ya kuɓuce musu, duk abin da na sani game da shi kuma ya tafi tare da ni. Babu wanda aka ajiye ya koya a gefena.

Malam Sabo:
To kun ji. Allah ya yi maka albarka Nura da ka faɗi gaskiya. Kuɗin jama'a ya horar wa kamfani ma'aikaci. Abin da nake gudu ke nan.

Injiniya Bashir:
Malam, na yarda labarin Nura asara ce, kuma ba shi kaɗai ba ne. Amma duba inda abin ya lalace. Aikin da ke cin shekara uku aka ba tallafin shekara ɗaya. Laifin gajartar wa'adi ne. Da an riƙe shi har ranar sa hannu, da ladan aikin ya ci gaba da biyansa.

Masu bayar da tallafi da kansu sun fara gane haka. Gidauniyar Ford ta sanar da wani shiri a 2015, ta ware dala biliyan 1, tana ba ƙungiyoyi tallafin shekara biyar wanda babban kasonsa su ke zaɓar inda za su sa. Ba na gidaje kaɗai ba ne, amma darasin ɗaya ne. A 2022 attajira MacKenzie Scott ta ba Habitat for Humanity da rassanta 84 dala miliyan 436 ba tare da ta gindaya musu inda za su kashe ba. Mutum zai iya jayayya kan ko ya dace attajiri ɗaya ya zama mai yanke irin wannan hukunci, ni ma ina da tawa damuwar a nan. Amma dai ya nuna akwai masu ganin cewa wanda ke cikin aikin ya fi sanin inda yake yoyo.

Abin da zan ce wa Hajiya: kada ku ɗauki sabon ma'aikaci na dindindin a kan tallafin shekara ɗaya sai kun san inda albashin shekara ta biyu da ta uku zai fito. Kuɗin Sashe na 4 ma majalisa ce ke amincewa da shi duk shekara, an kuma sha kawo kasafin da ya nemi a soke shi, majalisa ta ƙi. Ba abin da za a jingina rayuwar ƙungiya a kai ba ne.

Barista Halima:
Ina bin ku tun ɗazu. Zan kawo abin da ba a faɗa ba, wataƙila kuma ba zai yi wa kowa daɗi ba. Ba kowace ƙungiya ce ya kamata ta zama mai gina manyan benaye ba, kuma wani lokaci mafi amfanin wannan tallafi shi ne ya nuna wa ƙungiya haka tun kafin ta ci bashi.

Injiniya ya yi bayanin takardu, amma akwai lamuni. Mai zuba jari da zai riƙe kashi 99.99 cikin 100 na kamfanin da ya mallaki ginin ba zai saki kuɗinsa ba sai wani ya tsaya masa: idan kuɗin gini ya zarce, kai za ka cika, idan haya ta kasa riƙe ginin, kai za ka cika, idan aka karya ƙa'ida hukumar haraji ta ƙwace rangwamen, kai za ka biya. Zai buɗe littattafanku ya ga dukiyar da kuka mallaka da tsabar kuɗin da ke hannu. Horo ba ya samar da wannan. Shi ya sa ƙaramar ƙungiya kan shiga haɗin gwiwa da babba a aikinta na farko, kuma a nan ne ake cutar da yawa. Na karanta yarjejeniyoyin da sunan ƙungiya kawai aka ara don a samu maki a gasa. Ladanta ɗan kaɗan, ba ta da ta cewa a zaɓen ɗan kwangila, ma'aikatanta ba sa zama a taron aiki. Gini ya tashi, ita ba ta koyi komai ba.

Idan da ni ce, kaso na farko na tallafin zai tafi ga lauya mai zaman kansa wanda ya san wannan fanni, ba lauyan abokin haɗin gwiwa ba. Ya tabbatar an rubuta kason lada, an rubuta cewa ma'aikacinku zai zauna a kowane taro, an kuma rubuta haƙƙinku na fara saye bayan shekara 15. Dokar haraji ta ba ƙungiya mara neman riba damar sayen ginin a kan ragowar bashi da harajin da ya biyo bayan cinikin, amma sai an sa shi a yarjejeniya da kalmomi masu tsafta. An yi shari'o'i da dama a kan wannan a 'yan shekarun nan, saboda wasu masu zuba jari sun ƙi sakin gine-ginen da suka yi daraja.

Hajiya Rabi:
Barista, kin taɓo inda yake mana ciwo. Akwai kamfanin da ya neme mu da irin wannan haɗin gwiwa, wasu a kwamiti har sun fara murna. Ban san akwai waɗannan ramuka ba. To yanzu a takardar nema, me zan ce muna son ƙarfafawa? Manajan aiki, ko lauya, ko lissafi? Kuɗin ba zai ɗauki duka ba.

Anti Ladi:
Lissafi, Hajiya. Ba don aikina ba ne nake faɗa. Amsa mini waɗannan a zuciyarki: kowane gida da kuke haya, kun san abin da yake shigowa da abin da yake ci, shi kaɗai? Kuna da asusun ko-ta-kwana na ranar da rufi ko tukunyar ɗumama gida za ta lalace? Rahoton kuɗi na wata yana isa ga kwamiti kafin wata na gaba ya ƙare? Idan amsa ɗaya ta zama a'a, banki zai gani cikin minti kaɗan. Ƙungiyoyin da na ga sun durƙushe, akasari ba sabon gini ne ya fara kayar da su ba. Tsofaffin gidajen da ke hannunsu ne suka riƙa cin kuɗi a ɓoye, ana toshewa da ladan sabon aiki, har ranar da sabon aiki bai zo ba.

Injiniya Bashir:
Anti, a nan kam zan ɗan saɓa miki. Idan suka shekara suna gyara littattafai, filayen da ake iya samu yau za su tafi. Farashin fili ba ya jiran kowa. Ni da zan raba: kaso ga lissafi, kaso ga binciken fili guda ɗaya da suka fi so.

Anti Ladi:
Su binciki filin da ba za a ba su rancen saye ba? Injiniya, kai ma ka san takardar farko da ake tambaya ita ce rahoton odita na shekarun baya.

Injiniya Bashir:
Gaskiya ne. Amma akwai cibiyoyin kuɗi na raya al'umma da ke ba da rancen share fage ga ƙungiyoyin da banki ba zai saurara ba, har LISC da Enterprise suna yi. Ban ce su sayi fili ba. Na ce su san ko akwai aikin da ya cancanci a shirya masa, don gyaran lissafin ya san inda ya dosa.

Barista Halima:
Ku biyun kuna da gaskiya, abin da zai raba gardamar shi ne wace ƙofa suke son shiga. Hajiya, ki duba shirin HOME, wani shirin gidaje na gwamnatin tarayya da aka kafa a 1990. Kowace jiha ko birnin da ke karɓar kuɗinsa dole ya ware aƙalla kashi 15 cikin 100 ga ƙungiyoyin unguwa masu gina gidaje da aka tantance. Wannan ya fi dacewa da girmanku fiye da gasar rangwamen haraji, don ana iya yin ƙananan ayyuka da shi, irin waɗanda kuka saba. Birni yana kuma da ikon ware har kashi 5 cikin 100 don kuɗin gudanarwar irin waɗannan ƙungiyoyi, ko da yake ba dole ba ne, kuma abin da ƙungiya ɗaya za ta samu a shekara ba ya wuce dala 50,000 ko rabin kuɗin gudanarwarta, duk wanda ya fi yawa. Gyaran ƙa'idojin da aka yi a 2013 ya buƙaci ƙungiya ta nuna tana da ma'aikaci mai albashi da ya san aikin. Kin ga yadda abin yake zagayawa: sai kana da ma'aikaci za a tantance ka, sai an tantance ka za ka samu kuɗin. Tallafin da ke gabanku zai iya karya wannan zagaye. Ki je ofishin gidaje na birninku ki tambaya ko kason nan yana samun masu nema. A wasu wurare neman ƙungiyar da ta cika sharuɗɗa suke yi.

Malam Sabo:
Na saurara da kyau, kuma na ƙaru. Ban janye duka ba. Har yanzu ina ganin ana fakewa da kalmar ƙarfafawa a ci kuɗin da ba a iya nuna amfaninsa. Idan bulo ne, zan je in ƙirga. Wannan fa, da me zan auna? Hajiya, idan za ku nema, sharaɗina a matsayin ɗan uwa shi ne ku rubuta wa kanku, ba wa mai tallafi kaɗai ba, abin da zai canza a ƙarshen wa'adi, a karanta shi gaban 'yan hayarku. Su ne aka karɓo kuɗin da sunansu.

Anti Ladi:
Ana aunawa, Malam, kuma sharaɗinka ya yi. Rahoton odita ya fito ba tare da ƙorafi ba, ko bai fito ba. Asusun ko-ta-kwana yana da kuɗin watanni kaza, ko babu. An sami shaidar tantancewa daga birni, ko ba a samu ba. An miƙa takardar neman aiki guda, ko ba a miƙa ba. Abin da ba na yarda da shi a matsayin sakamako shi ne yawan tarukan da aka halarta. Idan kuma za a ɗauko ƙwararre daga waje, a rubuta a kwangilarsa cewa tare da ma'aikacin ƙungiya zai yi aikin, ya bar musu jadawalin lissafin a buɗe yadda za su iya sarrafa shi bayan ya tafi.

Nura:
Ku ƙara da wannan don Allah: duk wanda aka tura horo, a tura mutum biyu, ko ya dawo ya koyar. Kuma komai na aiki a ajiye shi inda ƙungiya ke iya buɗewa, ba a kwamfutar mutum ɗaya ba.

Barista Halima:
Malam, batun 'yan haya da ka kawo yana cikin ƙa'idar tantancewar da na ambata. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kwamitin amintattu dole su kasance masu ƙaramin ƙarfi, ko mazauna unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, ko wakilan ƙungiyoyin da ke yi musu aiki. Horar da waɗannan mambobi su iya karanta rahoton kuɗi su yi tambaya, shi ma ƙarfafa ƙungiya ne, kuma yana cikin mafi arha. Kwamitin da ba ya fahimtar lamunin da ya sa wa hannu ya fi rashin manajan aiki haɗari.

Hajiya Rabi:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ga abin da zan kai wa kwamiti. Mu nema. Babban kaso ya tafi ga raba lissafin kowane gida da kafa asusun ko-ta-kwana, da ƙara wa ma'aikaciyarmu da ke kula da gyare-gyare awanni da horo maimakon ɗaukar sabon mutum. Ƙaramin kaso ga lauya ya duba tayin kamfanin nan kafin mu ce komai. Zan je ofishin birni kan batun tantancewa. Binciken fili, Injiniya, ka yi haƙuri sai zagaye na gaba. Sharaɗin Malam kuma zan karanta shi a zaman kamar yadda ya faɗa. Anti, akwai abin da ya kamata in fara gobe?

Anti Ladi:
Akwai. Ki duba ko ƙungiyarku tana da lambar shaida ta gwamnatin tarayya da ake samu a shafin SAM.gov. Tun Afrilun 2022 ita ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS, kuma ba za a sa hannu da ku kan kuɗin tarayya ba sai da ita. Kyauta ce, kada ku biya duk wanda ya aiko saƙo yana cewa zai yi muku. Tantancewar takan ɗauki makonni idan sunan ƙungiya ko adireshinta bai zo daidai da na takardun rajista ba, saboda haka ki ɗauko takardun ki gwada su harafi da harafi kafin ki fara cikewa. Sannan ki kira bankinku ki tambayi ko za su buɗe muku ɗan rancen da ake ja a mayar, wanda zai riƙe albashi kafin a maido muku kuɗin.